Yadda Ake Kwance Dogon Turanci

Ƙannena da 'ya'yana na Jangeru da Shinkafi, da na Ƙaura da Zurmi, maza da mata, musamman ku da kuke shirin zana WAEC ko NECO ko JAMB, ina so mu yi magana a kan wani abu da ke karya wa da yawa daga cikinku gwiwa tun kafin a raba takardar jarrabawa. Za ka ga yaro ya iya lissafi, ya sauke Alƙur'ani, yana riƙe da cinikin shagon yayansa ba a taɓa neman ko kwabo an rasa ba, amma da zarar ya buɗe littafi ya yi ido biyu da kalma mai haruffa goma sha biyar sai gabansa ya faɗi. Ya tsallake ta. A layi na gaba ya tarar da 'yar'uwarta, ya sake tsallakewa. Kafin ya kai ƙarshen shafi ya tsallake duk inda ma'anar take, sai ya rufe littafin ya ce shi kam Turanci ba rabonsa ba ne. Kun kuwa san da wuya wata jami'a ko kwaleji ta ɗauki ɗalibin da ba shi da kiredit a Turanci, a JAMB ma kowane fanni ka zaɓa Turanci dole ne.

Wasu kuma sukan bi ta ɗaya gefen. Su sayi littafin share fagen jarrabawa, ko su samo wani jeri a waya: kalmomi ɗari masu ƙarewa da -tion, kalmomi hamsin masu farawa da inter-, kowace da ma'anarta a gefe. Su zauna su yi ta bita kamar masu tilawa. Ina yaba himmarsu, sai dai wahala ce mai ƙaramar riba, domin bayan mako biyu rabi ya zube, abin da ya rage kuma ya cakuɗe. Tambayar da ya kamata su tsaya su yi tun farko ita ce: me ya sa duk waɗannan kalmomi suka yi tarayya a haruffa iri ɗaya? Amsarta ta fi jerin kansa amfani nesa ba kusa ba.

Doguwar kalmar Turanci harhaɗa ta aka yi. Kakanninku da suka ga zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, za su gaya muku cewa komai tsawon jirgi taragu ne aka sarƙa, kuma taragon da ya ɗauko gyaɗa yau shi za a kwance a ɗaura wa wani jirgin gobe. Haka kalmomin nan suke. Akwai tushe a tsakiya, akwai abin da aka liƙa masa a gaba, akwai abin da aka liƙa masa a baya, kuma waɗannan gutsattsarin ba su da wani yawa. Su ne dai suke ta yawo daga wannan kalma zuwa waccan. Malamin Hausa ya riga ya ba ku sunayensu a aji: saiwa, ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya.

Abin ba baƙo ba ne a wurinku, tun kuna goye kuke yinsa. Wanda ya san noma ba ya bukatar a fassara masa manomi da manoma. Wanda ya san buɗewa ya san mabuɗi, ƙira ta ba da maƙeri da maƙera, jima ta ba da majemi da majema. Wannan ma- ɗin da ke goshi yakan nuna mai yin aiki, ko wurin yinsa, ko abin yinsa, kuma kunnenku na rarrabewa ba tare da kun tsaya tunani ba. Ba- yana nuna asali, shi ya sa muke da Bazamfare da Bagobiri da Bakatsine. A ƙeya kuma ga Zamfaranci da Larabci, ga yarantaka da maƙwabtaka da 'yan'uwantaka. Ranar da kuka fara jin an ce matattara ko mahaɗa, babu wanda ya ɗauko muku ƙamus.

Wanda ya zauna a zauren malam ya ɗan taɓa sarfu ya fi kowa samun sauƙi. Haruffa uku na Larabci, ha da kaf da mim, su suka haifar mana hukunci da hukuma da hakimi da hikima. Ain da lam da mim suka ba mu ilimi da malami da alama. Sin da lam da mim suka ba mu sallama da salama da Musulmi da Musulunci. Malaman ƙasar nan sun ba wannan fanni muhimmanci har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo mai Gwandu ya tsara littafi guda a waƙe a kansa, Hisnur Rasin. Dalilinsu a fili yake: ɗalibin da ya riƙe awo ɗaya zai iya karanta kalmomi barkatai da bai taɓa gani ba. Roƙona shi ne ku ɗauki idon da kuke duban Larabci da shi ku dubi Turanci.

Yana da kyau ku san inda dogayen suka fito. Asalin Turanci harshen wasu ƙabilu ne da suka tsallaka teku daga arewacin Jamus da Denmak zuwa Ingila a ƙarni na biyar, kuma kalmominsu gajeru ne, irin su come, go, eat, house da child. A 1066 Normawa daga Faransa, ƙarƙashin jagoransu William, suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara ɗari uku. Latin, harshen tsohuwar daular Rum, dama shi ne na coci da makaranta. Daga baya kuma likitoci da masana kimiyya suka riƙa ɗebo Girkanci duk lokacin da za su raɗa wa sabon abu suna. Sakamakon haka fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus ɗin Turanci daga Latin da Faransanci suka shigo, kuma abu ɗaya yakan samu suna hawa-hawa: ask a gida, question a makaranta, interrogate a ofishin 'yan sanda, kamar yadda mu ma muke da mutuwa da rasuwa da wafati. A ganina gajerun nan na gida su ne masu wuyar sha'ani, domin ba su da gaɓar da za a kama, kuma ƙaramar kalma irin get ko set tana ɗauke da ma'anoni fiye da yadda za ka ƙirga da yatsu. Dogayen su ne masu sauƙin kai, sun zo da bayaninsu a jikinsu.

Ku ɗauki port. A Latin ɗaukar kaya yake nufi, shi ya sa porter ɗan dako ne. Trans- tsallakawa ne, sai transport ya zama ɗaukar kaya daga nan zuwa can, sufuri ke nan. Ex- waje ne, export kuwa fitar da kaya, irin gyaɗa da auduga da fatun da a da ake lodawa a tashar Ƙaura a nufi Ikko da su. Im- ciki ne, import shigo da kaya. Deport shi ne a ɗauki mutum a fitar da shi daga ƙasa, abin da ke samun 'yan'uwanmu da ke zaune a Saudiyya ko Aljeriya babu takarda. Shi kuma -able yiwuwa yake nunawa, portable abin da ke ɗaukuwa. Saiwa ɗaya muka taɓa, ga shi kun tashi da ɗafi biyar a aljihu, kuma duk za ku sake haɗuwa da su a gaba.

Scrib ko script rubutu ne. Pre- yana nufin kafin, don haka prescription shi ne abin da likita ya rubuta kafin a ba da magani. Sub- ƙarƙashi ne, asalin subscription sa hannu ne a ƙasan takarda cewa ka yarda za ka riƙa biya, shi ne yau kuke yi wa data. Transcript rubutu ne da aka kwafe daga wata takarda zuwa wata, wato takardar makin ɗalibi da wannan makaranta ke aika wa waccan. Manu hannu ne, manuscript rubutun hannu, irin littattafan ajami na kakanninmu da ke cikin gafaka. Cred kuma yarda ce. Kiredit ɗin da kuke nema a WAEC, da bashin da mai shago ya yarda ya ba ka, da credentials, takardun da za su sa a yarda da kai, da accreditation, tantancewar ranar zaɓe ko ta kwasa-kwasan makaranta, duk gida ɗaya suka fito. Ko polytechnic, sunan babbar makarantar da ke Ƙaura tun 1983, gutsure biyu ne na Girkanci: poly da yawa, techn sana'a. Makarantar sana'o'i da yawa. Poly ɗin nan shi ne dai a polygamy, auren fiye da ɗaya.

Jarrabawa kwana nawa ce, za ta zo ta wuce. Inda abin ya fi tsaya mini a rai shi ne asibiti da gona. A gidaje da yawa a ƙasarmu ɗan sakandare shi kaɗai ne mai karatun boko, shi ake miƙa wa katin asibiti da kwalbar magani a ce, "Kai ɗan boko, duba mana nan." Wannan amana ce babba, kuma abin da ke rubuce a wurin kusan duk dogayen kalmomi ne.

A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi, ya bazu cikin 2017 zuwa Sakkwato da Katsina da wasu jihohi, ya ci rayuka sama da dubu. Sunan da ke kan takardun ma'aikatan lafiya a lokacin shi ne meningitis. Mening shi ne tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, -itis kuwa kumburi. Kun ga sunan da kansa ya bayyana muku dalilin sanƙarewar wuya. Da kun riƙe -itis, sauran sun zo hannu: hepatitis kumburin hanta, arthritis na gaɓɓai, gastritis na tumbi, conjunctivitis ciwon idon nan da muke kira afolo. Duk inda kuka ga -aemia zancen jini ake yi, an- kuma rashi ne, sai anaemia ta zama ƙarancin jini, wanda ke yawan kama masu juna biyu da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe a jikinsu.

Akwai tagwaye kashi biyu da nake so ku riƙa yi musu kallon tsanaki. Na farko hyper- da hypo-. Hyper- wuce kima ne, hypo- kasawa. A rubuce bambancinsu ɗan kaɗan ne, a jikin mutum kuwa gabas da yamma. Hypertension hawan jini, hypotension faɗuwar jini. Glyc zaƙi ne, ga kuma -aemia ɗinku ta dawo, don haka hyperglycaemia hawan sukari ne a jini, hypoglycaemia faɗuwarsa. Mai ciwon sukari yana iya faɗawa cikin kowanne, kuma abin da ke ceton mai wannan yana iya ƙara wa mai wancan cuta. Yaron da ya karanta da gaggawa ya ce ai duk ɗaya ne, zai iya kai wa gida labarin da ya juye. Na biyun su ne ante- da anti-. Ante- kafin ne, antenatal kafin haihuwa, wato awon ciki, postnatal kuma bayan haihuwa. Anti- gaba ce da yaƙi, antimalarial mai yaƙar zazzaɓin cizon sauro, antibiotic mai yaƙar wasu ƙwayoyin cuta. Ku ji ni da kyau a nan: sanin ma'anar sunan cuta bai mai da kowa likita ba. Amfaninsa shi ne ka fahimci abin da aka gaya maka, ka yi wa ma'aikacin lafiya tambayar da ta dace, ka mayar wa mahaifiyarka da bayani daidai yadda aka ba ka shi.

A gona kuma -cide ne sarki, kisa yake nufi. Ranar Alhamis in kun shiga kasuwar Shinkafi, ku tsaya a rumfar masu maganin feshi ku karanta jikin kwalaben. Herbicide mai kashe ciyawa, insecticide mai kashe ƙwari, fungicide mai kashe fumfuna, rodenticide na ɓera, pesticide kuma sunan da ya game su. A ƙarƙashin babban sunan akwai ƙananan rubutu da suka fi shi muhimmanci. Pre-emergence ana fesa shi ne kafin ciyawa ta tsiro, post-emergence bayan ta tsiro, wanda ya musanya su ya zubar da kuɗinsa a ƙasa. Selective mai zaɓe ne, yana kashe wasu tsirrai ya bar wasu. Non-selective ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa ya tafi, irin su glyphosate da paraquat. Haruffa ukun nan na non- su ne tsakanin gonar shinkafar da aka raba da ciyawa da gonar da mai ita ya ƙone da hannunsa. Mahaifinku ya fi ku sanin ƙasa da ruwa da lokacin shuka, ba za ku koya masa noma ba. Abin da yake bukata a wurinku shi ne ku karanta masa wannan layin daidai, tare da adadin da za a zuba a tankin feshi da kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin.

To amma kama da wane ba ta wane, kuma a nan ne ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. Ba duk kalmomin da suka yi tarayya a haruffa ne 'yan gida ɗaya ba. A watan Maris na 2019 wata kalma ta shiga bakin kowa a Arewa, har da tsofaffin da ba su taɓa zama a aji ba, lokacin da hukumar zaɓe ta ce zaɓen gwamna a Kano da Sakkwato da Bauci da wasu jihohi uku inconclusive ne. Clus rufewa ce, conclude rufe magana, -ive na mai da kalma sifa, in- kuma korewa. Abin da ba a rufe ba, bai kammalu ba. Wannan in- ɗin na korewa shi ne a incorrect da incomplete da invisible, yakan ma sauya kama ya saje da harafin da ke gabansa, ya zama im- a impossible, il- a illegal, ir- a irregular, yadda lam ɗin al- ke narkewa a gaban haruffan shamsiyya. Sai dai ku dubi include, wadda ita ma daga saiwar rufewa ta fito. In- ɗinta ba korewa ba ne, wani ne daban mai nufin ciki: a rufe da abu a ciki, kishiyar exclude, a rufe a bar shi a waje. Latin yana da in- guda biyu masu kama ɗaya, kuma na biyun shi ne a cikin kalmar da ake rubutawa da jan fenti a jikin tankar mai, inflammable. Wanda ya ɗauke shi korewa zai karanta cewa abin da ke ciki ba ya kamawa da wuta, alhali ana gaya masa ne yana saurin kamawa. Saboda wannan ruɗani ne ma masu kula da kariya a wasu ƙasashe suka koma rubuta flammable kawai.

Masu tsara tambayoyin jarrabawa sun san waɗannan ramuka, kuma suna son su. Invaluable abu ne mai darajar da ba ta kimantuwa, ba marar daraja ba. Infamous wanda ya yi ƙaurin suna ne, kowa ya san shi amma da mugun abu. Un- na korewa ne a unhappy, amma uniform da university daga uni- suke, wato ɗaya, uncle kuwa babu ɗafin komai a jikinsa. Coincide ba ta da alaƙa da kisa, daga wata saiwar faɗuwa take, abu biyu su faɗo lokaci guda. In kuma kuka ga alkali a littafin kimiyya, ba alƙalin kotu ake nufi ba, kalmar Larabci ce ta toka da Turawa suka ara da al- ɗinta, kamar yadda suka ari algebra daga sunan littafin Alkhawarizmi, malamin lissafi na Bagadaza a ƙarni na tara, kamar kuma yadda muka ari albasa da aljihu da almakashi. Saboda haka in ka kwance kalma, zato mai ƙarfi ka samu, saura tabbatarwa. Ka mayar da ma'anar cikin jimlar ka ga ko ta zauna. In ta ƙi zama, ka buɗe ƙamus, matambayi ba ya ɓata.

Za ku ji ana yawo da wata kalma mai haruffa 45 ana cewa ita ce mafi tsawo a manyan ƙamusoshi: pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis. Ku gwada kwance ta. Pneumono huhu ne, kamar a pneumonia. Ultra wuce iyaka, micro ƙanƙanta, scop dubawa, silico sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu, volcano dutse mai aman wuta, coni ƙura, -osis cuta. Ciwon huhu ke nan da ake samu daga shaƙar ƙurar dutse mai laushin gaske. Wani Ba'amurke mai suna Everett Smith, shugaban wata ƙungiyar masu wasan ƙwaƙwalwa, shi ya ƙaga ta a 1935 da gangan don ta yi tsawo. Likitoci silicosis suke cewa. Cutar kanta gaskiya ce, tana kama masu fasa dutse da masu niƙa shi, aikin da samarin Zamfara da yawa ke yi a wuraren haƙar zinariya ba tare da abin rufe hanci ba, kuma in ta ci huhu ba ta da magani. Wanda ke da wa ko ƙane a can ya gaya masa.

Ɗafa-ƙeya yana da wani amfanin kuma. Shi ke faɗin aikin kalma a jimla: nation suna, national sifa, nationalise aikatau, nationally bayanau. A tambayoyin cike gurbi, wani lokaci ƙeyar kalma kaɗai ta isa ta nuna maka amsa. Yana ma taimakawa a takardar furuci ta WAEC, domin kalmomin da suka ƙare da -tion ko -ic ko -ity, kusan kullum ƙarfin murya na sauka ne a kan gaɓar da ke dab da su: ca a education, no a economic, tri a electricity. Ph a kalmomin Girkanci f ake furta shi, p ɗin farkon pneumonia da psychology kuwa ba a furta shi sam. Rubutun Turanci ya fara daskarewa ne bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, baki kuma ya ci gaba da sauyawa, shi ya sa rubutu da furuci suka raba hanya. Wannan ba laifinku ba ne, 'ya'yan Turawa ma sai sun koya.

Saura gargaɗi ga wanda abin ya fara zaunawa a kansa. Daɗin sababbin kalmomi yana ɗibar mutum, ya fara cusa su inda ba a gayyace su ba don a ce ya iya. Ba banza Bahaushe ya raɗa wa maganar da ke kewaye-kewaye babu biyan bukata suna dogon Turanci ba. Mai duba takardar insha'i ma'ana yake nema, kuma ƙaramar kalmar da ta zauna daidai ta fi babbar da aka ajiye a gurbin da ba nata ba cin maki. Ku nemi jawabin da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi ranar 1 ga Oktoba 1960 ku karanta. Mutum ne da Turawa da kansu suka yaba wa Turancinsa, amma da wuya ɗan aji shida ya rasa gane inda ya dosa, kuma shi ne dai ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Malam Aminu Kano ya yi karatu a Landan, ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru a nan ƙasarmu kafin ya ajiye aiki a 1950. Abin da ya sa talakawa suka riƙe shi har yau, yakan ɗauko dogon Turancin dokokin gwamnati ya warware musu shi da Hausar da mai tallan goro zai gane. Awon da nake ba ku ke nan: kalmar da ba za ka iya yi wa kakarka bayaninta da Hausa ba, ba ka riga ka mallake ta ba, kada ka sa ta a takarda tukuna.

Na san halin da kuka taso a ciki. A 2021 an rufe makarantu a Zamfara saboda 'yan bindiga, a watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya, wasunku sun bar ƙauyukansu, wasu sun yi zango bayan zango babu malamin Turanci a aji. Ba zan ce muku wannan ba komai ba ne. Sai dai aikin da nake nuna muku ba ya bukatar data, ba ya bukatar lantarki. Littafin rubutu ɗaya ya isa. Ku ware wa kowace saiwa shafi guda, ku rubuta ta a sama da ma'anarta da Hausa, sannan duk inda kuka tsinci 'ya'yanta, a kwalin magani ne, a allon ofishin ƙaramar hukuma ne, a fom ɗin banki ne, a tsohuwar jarida da aka ƙunso ƙosai ne, ku kawo su gida ku jera, kowace da jimlar da kuka same ta a ciki. Kada ku ɗauki kalma tsirararta, jimlar ce ke riƙe ta a ka. In ƙamus ya yi wa mutum ɗaya tsada, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku saya, Oxford na masu koyo ko Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner in an samu, a riƙa karɓa-karɓa. 'Yan mata, wannan da ku nake, kada ku bar wa maza. Gobe ku ne za ku riƙe katin awo da na rigakafin yara, kuma ƙasar nan na cikin tsananin bukatar ungozoma da malaman jinya mata, makarantunsu kuwa ba sa ɗauka sai da kiredit a Turanci.

Buhun takin da ke jingine a zauren gidanku ma ya isa shafin farko. An rubuta masa fertilizer. Fer a Latin ɗauka ce da haifarwa, fertile ƙasa mai bayar da amfani, -ize mayarwa, -er mai aikatawa: abin da ke mayar da ƙasa mai haihuwa. Fer ɗin nan shi ne a transfer da mai POS ke yi muku, ɗaukar kuɗi a tsallaka da su, ga trans- ɗinku na ɗazu. Shi ne a referral, takardar da ake ba majinyaci a asibitin Shinkafi ko na Ƙaura in za a tura shi Gusau. Sauran, prefer da offer da differ da conference, na bar muku ku kwance da kanku.